Kwano a sama, wuta a ɗaki: fashin baƙi kan rufin gidajen zamani

Duk wanda ya zaga sababbin unguwannin Kano, Kaduna, Katsina ko Gusau zai ga rufi iri biyu ne ke tashe. Akwai dogon rufin nan mai tsini, wanda wani sa'in tsayinsa kan kusa kamo na ginin da yake kai, galibi baƙi ko ruwan ƙasa mai duhu. Akwai kuma rufin ɓoye, wanda ake ɗaga bango ya zagaye kwanon har ba a hango shi daga titi. Dukansu biyu ido ne ya zaɓe su. Mai gida ya gani a wata unguwa ko a waya, ya nuna wa kafinta, kafinta ya ce, “Alhaji, ai shi ake yayi yanzu,” magana ta ƙare. Ba safai ake tambayar yadda rufin zai yi da ranar watan Afrilu ko ruwan watan Agusta ba, alhali saboda waɗannan biyun aka yi shi.

Rana ta fi daɗewa a kanmu, don haka da ita za a fara. Kano tana kan digiri 12 ne arewa da layin da ya raba duniya biyu. Sau biyu a shekara, wajen ƙarshen Afrilu da kuma bayan tsakiyar Agusta, rana kan tsaya daidai tsakar ka. Ta Agusta gajimare kan tare mana ita, ta Afrilu kuwa ba mai tare ta. A irin wannan lokaci kowace murabba'in mita ta rufi tana karɓar kusan wat 1,000 na zafin rana. Ɗaki mai mita huɗu tsawo, huɗu faɗi, kusan kilowat 16 ke nan ke sauka a kansa. Na'urar sanyaya ɗaki mai doki ɗaya da rabi, wadda aka fi sa wa irin wannan ɗaki, abin da take iya fitarwa bai wuce kilowat uku da rabi ba. Ko kashi ɗaya cikin goma na zafin nan ne ya ratso ciki, ya cinye kusan rabin ƙarfinta, tun ba a yi lissafin bango da taga da jikin mutanen da ke ɗakin ba. Wanda ba shi da na'urar, ko yake da ita babu wuta, a jikinsa lissafin yake ƙarewa.

Launi ne ke fara yanke hukunci. Farin rufi, yana sabo, yakan mayar da fiye da rabin hasken da ya sauka a kansa, mai kyau ma kashi 70 cikin 100 ko fiye. Baƙi kuwa kusan kashi 90 yake shanyewa. Ranar da ma'auni ya nuna digiri 40 a inuwa, baƙin kwano kan haura 70. Kafintoci sun san wannan da tafin hannunsu, shi ya sa a bazara suke hawa da sassafe su sauko kafin azahar. Rufin nan mai yayyafin tsakuwa yana da amfaninsa, ba ya cika kunne da ƙara idan ana ruwa, kuma yana da kyan gani. Amma a New Zealand aka fara yin sa, ƙasar da ba ta san bazara irin tamu ba, mu kuma da muka tashi saye sai muka fi ɗaukar launukan da suka fi duhu. Birnin Ahmedabad na Indiya ya bi akasin haka. Bayan zafin watan Mayun 2010 ya yi sanadin mutuwar mutum sama da 1,300, birnin ya fito da tsarin tunkarar zafi a 2013, kuma cikin abubuwan da suka biyo baya har da shafa wa rufin gidajen masu ƙaramin ƙarfi farar ƙasa ko farin fenti. Matsalar fari a wurinmu ita ce ƙurar hunturu, wadda kan dusashe shi daidai gab da lokacin da aka fi bukatarsa. Duk da haka, farin da ya yi ƙura ya fi baƙi mai tsafta sanyi.

Idan kwano ya ɗauki zafi, ƙasa yake turo shi. Yana dumama iskar da ke tsakaninsa da silin, sannan yana feso zafi kai tsaye a bayan silin ɗin ko iska ba ta motsa ba. A yawancin gidajenmu an toshe wannan fili ruf, an kai bulo har ƙarƙashin kwano an cike da siminti saboda jemagu da ɓeraye da ƙura. Iskar ciki ba ta da mafita, takan kai digiri 50 zuwa 60. Abin da ya raba ta da kan mutane kuwa silin ne na roba wanda kaurinsa bai kai na ɗan yatsa ba. Hau kan kujera da ƙarfe uku na rana ka ɗora tafin hannu a silin, za ka ji shi da ɗumi sosai. Fankar sama kuma daga nan take ɗebo iskar da take kaɗo maka. Kirki ɗaya kwano yake da shi: da rana ta faɗi yake hucewa.

Rufin kankare, wato dekin, halinsa daban. Da hantsi ɗakin yana da daɗi, domin kankare ba ya saurin ɗaukar zafi. Amma yini yake yi yana tarawa, zafin ya ɗauki sa'o'i huɗu ko biyar yana ratsa kaurin santimita 15, ya iso ciki da la'asar sakaliya, ya ci gaba da fitowa har tsakar dare. Masu kwana a benen ƙarshe sun san ɗakin da ya fi waje zafi da ƙarfe goma sha ɗaya na dare.

Maginan soro sun san wannan hali na abu mai nauyi, sai dai sun juya shi ya yi musu aiki. Azara ake jerawa, wadda ake tsagowa daga giginya, itacen da gara ba ta cika iya masa ba. Azarar ba ta ɗaukar faɗin da ya wuce kusan mita biyu ita kaɗai, shi ya sa idan ana son babban ɗaki sai an yi bakan gizo ko ɗaurin guga, wato ginin da ake lanƙwasawa kamar baka ya ɗauki nauyin rufin, irin wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya yi a masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu. A kan azara a shimfiɗa zana ko asabari, a ɗora ƙasa mai kauri, a bi ta da laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin majema da dafara, ko kuma makuba ta ɓawon ɗorawa. Kaurin ƙasar ya isa ya riƙe zafin rana har dare ya yi nisa, lokacin kuwa mutanen gida suna kwance a tsakar gida, kafin gari ya waye rufin ya huce. Ruwa kuma indararo ne ke harba shi nesa da bango, kowa yana gani. Ba don rashin wayo aka bar soro ba. Yana son gyara duk shekara, marka ta kwana uku tana iya jiƙa shi ya yi nauyi ya rufto, giginya ta yi ƙaranci, kuma mai gidan yau falo yake so mai faɗin mita shida. Kwano ya raba mutane da wahalar yaɓe, ya kawo musu ta zafi.

Amsar da ta fi gamsar da ni ita ce a daina neman abu guda ya yi aiki biyu. Rufi ya zama hawa biyu: na sama mara nauyi, aikinsa tare rana da zubar da ruwa, na ƙasa mai kauri ko mai hana zafi wucewa, aikinsa kare mutane, a tsakaninsu iska tana wucewa. Malfar manomi ke nan, mai faɗin baki, wadda ba ta manne wa kai. Wanda ya fi fito da wannan fili a yankinmu shi ne Francis Kéré, ɗan Burkina Faso, a makarantar firamaren da ya gina a ƙauyensu Gando a 2001. Silin ɗin azuzuwan na bulon ƙasa ne. Kwanon kuma an ɗaga shi sama a kan rodin da aka yi wa walda, bakinsa ya zarce bango sosai ta kowane gefe. Rana tana dukan kwano, iska tana kwashe zafin kafin ya sauka kan bulo, ruwan sama kuma ba ya taɓa ginin ƙasar. A ɗakin karatun da ya ƙara daga baya, tukwanen ƙasa aka yanka aka dasa a silin, suna shigo da haske suna fitar da iska mai zafi. Makarantar ta ci kyautar Aga Khan ta gine-gine a 2004, shi kuma a 2022 ya zama ɗan Afirka na farko da ya karɓi kyautar Pritzker, mafi girma a fannin zanen gine-gine. Babu wani abu a ginin nan da ba a samu a kasuwar kayan gini ta kowane gari namu: kwano, rodi, ƙasa, mai walda.

Ba sai gida ya yi kama da makarantar Gando ba kafin ya ci moriyar dabarar. A gida mai kwano da silin, hawa biyun suna nan, abin da ya rage a bar iska ta shiga ta fita. A bar ƙofofi a ƙarƙashin bakin rufi, a sa musu ragar ƙarfe mai ƙananan idanu saboda jemage da tsuntsu, a bar wasu kuma a can ƙololuwa, tunda iska mai zafi sama take yi. Ƙofar shiga ba ta fita aikin banza ce, haka ma ta fita ba ta shiga. Sannan a shimfiɗa takardar alminiyom mai ƙyalli a ƙarƙashin kwano. A nan ake yawan kuskure: ƙyallin ba ya aiki sai yana fuskantar fili, kuma gara ya kalli ƙasa, domin fuskar da ta kalli sama ƙura za ta rufe ta cikin hunturu ɗaya ko biyu. A bayan silin kuma a shimfiɗa audugar gilashi ko farin soso mai kaurin santimita biyar ko fiye. Kuɗin waɗannan duka bai kai na kwalliyar da ake yi wa silin ɗin falo da fitilu kala-kala ba, sai dai su baƙo ba ya ganin su, shi ya sa su ake fara yankewa idan aljihu ya yi ƙasa.

Sai ruwa. Ruwan Kano a shekara bai kai rabin na Fatakwal ba, wannan ne ke sa wasu sakaci. Amma rufi ba jimillar shekara yake ɗauka ba, abin da ya sauka cikin rabin sa'a yake ɗauka, kuma namu a watanni huɗu yake taruwa, ya zo kamar da bakin ƙwarya. Lissafin mai sauƙi ne: milimita ɗaya ta ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Rufi mai murabba'in mita 200, idan aka yi ruwan milimita 50 a dare guda, lita 10,000 ya tara, jarka 400 ke nan mai cin lita 25. A 'yan mintocin da ruwan ya fi tsananta, abin da ke gangarowa daga wannan rufi yana iya cika jarka ɗaya cikin daƙiƙa biyar. Tambayar da ya kamata a yi wa kowane zane ita ce: ta ina wannan ruwa zai bi?

A nan rufin ɓoye yake da magana. Ba zan ce ba shi da dalili ba. Wanda filinsa ƙafa 50 ne tsawo da faɗi, ya gina har kan iyaka, ba shi da inda zai zarto da bakin kwano sai cikin gidan maƙwabci, kuma shari'a da al'ada duk sun hana ka juya wa maƙwabcinka ruwan rufinka. Rufin ɓoye yana cin kwano da katako kaɗan, bangon da ya zagaye shi kuma yana rage wa gefunan kwano dukan iska. Ta fuskar siffa ma ɗan'uwan rawanin soro ne. Bambancin shi ne soro a fili yake zubar da ruwansa, shi kuwa wannan a ɓoye. Duk ruwan yana taruwa ne a wata kwata ta kankare a bayan bango, sama da kan ɗakuna, ya bi ta bututu biyu ko uku da aka binne cikin gini. Wata bakwai na rani kwatar tana tara ƙurar hunturu, ganyen darbejiya, ledar ruwa da iska ta ɗauko, da sheƙar tattabaru. Ba mai hawa ya duba, don ba a ma bar wurin hawa ba. Ruwan farko ya kwashi wannan tarkace ya cusa a bakin bututu, kwata ta cika, ruwa ya rasa hanya sai ta ƙarƙashin kwano. Da safe a ga silin ya yi taswira, fenti ya kumbura a saman bango, wani lokaci farin silin ɗin nan mai nauyi ya rufto gaba ɗaya a kan kujeru. A kira kafinta ya hau ya duba kwano, ya ce lafiyarsa ƙalau, kuma gaskiyarsa.

Ga kuma gangare. Don kada kwano ya leƙo saman bango, sai a kwantar da shi har ya kusa zama shimfiɗa. Gajeren kwano mai haɗe-haɗe yana son gangaren kusan digiri 15, wato ya tashi santimita 27 a kowace mita. Dogon kwano wanda ya tafi daga sama har ƙasa ba haɗi yana jure ƙasa da haka, amma idan aka kwantar da mai haɗi, iska tura ruwa take yi ya hau ta tsakanin haɗin. Kuma tunda babu bakin rufin da ya zarto, bango da tagogi suna shan rana da ruwa ba kariya, ƙofofin iskar da aka ambata ɗazu kuma babu inda za a sa su sai an yi niyya ta musamman.

Wanda ya ce shi dai rufin ɓoye yake so, to tun ran gini tun ran zane. Kwatar ta yi faɗin da mutum zai iya tsayawa a ciki ya share, ta yi gangare zuwa bututu, a yi mata shafen hana yoyo na gaske, ba siminti kawai ba. Bututu ya zama mai inci huɗu, yawansu ya fi biyu, kowanne da raga a baki, kuma gara a bi da su ta bayan bango inda za a iya gyarawa. Abu mafi muhimmanci, wanda kuma ba ya cin ko sisi: a huda bango a sa ɗan indararo a ƙasa da bakin kwano kaɗan, ta yadda ranar da bututu ya toshe ruwa zai zubo waje kowa ya gani, maimakon ya koma ɗaki.

Dogon rufi ba shi da matsalar zubar da ruwa, kuma babban filin da ke cikinsa zai taimaka wajen zafi da ana barin iska ta ratsa. Illarsa kuɗi, da yawan kwana-kwana. Duk inda gangare biyu suka haɗu suka yi kwari, nan ruwa ke taruwa, nan kuma yoyo ke farawa. Rufi mai kwari takwas ƙofar yoyo takwas gare shi. Gangaren digiri 20 zuwa 30 ya ishe mu. Abin da ya haura haka ado ne, a kuma san ado ake saye.

Akwai abokin gaba na uku da ba a cika sa shi a lissafi ba sai ya yi ɓarna, wato iskar farkon damina. Hadarinmu daga gabas yake tasowa, ƙura a gaba, iska a tsakiya, ruwa a baya. Shi ya sa bangon gabas ya fi cin wuya a tsofaffin gidaje, kuma shi ya sa kafintan da ya san aikinsa yake fara jera kwano daga yamma, don bakin kowane haɗi ya juya wa gabas baya. Iska ba danna rufi take yi ba, tsotse shi take yi sama, kuma ta fi ƙarfi a kusurwoyi da gefuna. Idan ƙofa ko taga ta buɗe ta gefen da iskar ke bugowa, sai ta cika ɗakin ta tura daga ciki. Abin da ke riƙe rufi sarƙa ce: kwano a jikin katakon kwance, shi a jikin na gangare, shi a jikin wanda ke kan bango, shi kuma a jikin kankaren lintal. Yawancin rufin da ake gani a yashe a tsakiyar titi ko a filin makarantar firamare, da katakonsa gaba ɗaya ya tashi, domin mahaɗin ƙarshe ne babu: an aza katako a kan bulo an buga ƙusa. Maganin rodi ne ko langa-langa da aka dasa cikin lintal tun ranar zuba kankare, a naɗe katakon da shi, kusan kowace mita ɗaya, a ƙara matsowa a kusurwa. Rufi mai gangare ta gefe huɗu ya fi mai gefe biyu jure iska. Faɗin baki kuma, wanda na yaba saboda inuwa, yana ba iska wurin kamawa. Santimita 60 zuwa mita ɗaya ya wadatar, idan za a wuce haka sai da ginshiƙi, ya zama baranda. Duwatsu da tsofaffin tayoyin da ake jerawa a kan kwano shaida ce cewa mai gidan ya san sarƙarsa ba ta cika ba.

Game da kwanon kansa, araha ba ta ado. Ana sayar da na alminiyom da kauri daban-daban, 0.45 da 0.55 da 0.7 na milimita, kuma ba kullum abin da aka faɗa da baki ne ke jikin kwanon ba. Akwai ɗan ma'aunin da ake gwadawa da shi, a nemi a gwada a gaban mai saye. Siririn kwano ƙusa ke yaga shi. Alminiyom yana miƙewa da zafi: mai tsawon mita goma yakan ƙaru da kusan milimita tara tsakanin sanyin asuba da tsakar rana, ya koma da dare. Ƙarar ƙas-ƙas ɗin da ake ji da hantsi ke nan. Wannan kai-da-komo na kullum shi ke buɗa ramin ƙusa, don haka noti mai robar toshiya ya fi ƙusa, kuma a kan tudun kwano ake ɗaure shi, ba a cikin kwarin da ruwa ke bi ba. Masu sa faifan sola su ma su kiyaye: faifan yana yi wa rufi inuwa, abin so ne, amma kowane rami da aka huda don ɗaure shi yana bukatar toshiya.

Wanda ya riga ya gina ba sai ya kware rufinsa ba. Mai kwano ya fara da buɗe wa iska hanya, sannan shimfiɗa a bayan silin, sannan farin fenti idan da hali. Mai dekin ya duba ko ruwa na kwanciya a kansa bayan an ɗauke. Idan yana kwanciya, a sake masa shafe mai gangare zuwa indararo, a bi da fari, in kuma aljihu ya yarda a kafa masa rumfar kwano a sama, ya samu hawa na biyun da ya rasa, ya kuma samu wurin shan iska. Kowane irin rufi ne, watan Afrilu ne lokacin hawa a share kwata, a duba noti, a leƙa katako ko gara ta shiga. Ruwan da aka sha wahalar kawarwa kuma dukiya ne: rufin nan mai murabba'in mita 200, a shekarar da aka samu milimita 800, lita 160,000 ke bi ta kansa, a unguwannin da ake sayen jarka daga 'yan garuwa. Bututu ɗaya zuwa tanki ya isa a fara. Sai dai a bar ruwan farko na damina, da na 'yan mintocin farkon kowane ruwa, ya wanke ƙura da kashin tsuntsaye ya zube, tankin kuma a rufe bakinsa da raga saboda sauro.